Darasi na 9: Gyara Wurin Aiki a Cikin Gida, Misali Daga Mandawari

Aiki a gida tsohon abu ne a birnin Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, wasu Wangarawa kimanin arba'in suka iso daga ƙasar Mali a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. A cikinsu akwai malami mai suna Mandawari, wanda ya zama limaminsu, kuma da shi ake danganta sunan unguwar nan da ke cikin ƙaramar hukumar Gwale a yau. Malamai irin waɗannan, da waɗanda suka gaje su, a zaure suke aikinsu. Nan ake ba da karatu, nan ake kwafar littattafai, nan ake sasanta rigima a rubuta shaida. Attajiri ma a zaure yake lissafi da yaransa, baduku da maɗinki a nan suke baje kayan aiki. Mata kuwa daga cikin gida suke tasu sana'ar, yara suna kai wa masu saye.

Abin da ya sauya shi ne fili da kayan aiki. Gidan da kaka ya zauna da iyalinsa an raba shi gado, an sake rabawa. Zaure ya koma shago ko ɗakin samari. Wasu gidajen an rushe su an tayar da benen bulo, ana ba da haya ɗaki ɗaya ko ciki da falo. A irin wannan ɗaki ne yau za ka tarar da mai buga wa ɗalibai takardu, da malamin makaranta mai shirya darasi da dare, da matar da ke tallan atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, da mai ɗinki, da mai riƙe lissafin adashi. Kayan aikinsu kuma, saɓanin allo da tawada, ba sa jure zafi, ba sa jure ƙura, ga shi sai da wuta.

Wannan darasi zai nuna yadda ake mayar da kusurwa ɗaya ta ɗaki wurin aiki. Abu guda nake so ku riƙe tun daga nan: saye shi ne na ƙarshe. Kafin a nufi kasuwa, a yi awo, a yi lissafi.

Zaɓen gurbi

Ɗauki tef ɗin tela ka auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ka zana shi a takarda, ka nuna ƙofa da taga da soket da inda gado yake. Ka cire wurin shimfiɗa sallaya da hanyar wucewa. Abin da ya rage shi ne naka. Ƙafa huɗu a faɗi da ƙafa biyar a tsawo sun ishi tebur da kujera da wurin miƙe ƙafa.

Sannan ka lura da ɗakin kwana biyu ko uku. Bangon da ke fuskantar yamma yana shan rana daga azahar zuwa la'asar sakaliya, kuma da dare yake amayar da zafin. Idan da hali, kauce masa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi sanyi da rana saboda kaurin bangonsa, amma yana da tasa matsalar: damshi da damina, musamman a watan Agusta, da gara, da ƙasar da ke zubowa daga sama. Ɗakin kwano marar silin kuwa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa awo 40, ba mutum kaɗai yake galabaitarwa ba, har kwamfuta takan yi sanyin aiki ko ta kashe kanta. Wanda ke irin wannan ɗaki, kuɗin silin ya fi masa amfani a kan kuɗin kowane tebur.

Ka kuma zagaya da wayarka kusurwa-kusurwa ka ga inda sabis ya fi ƙarfi. Bango mai kauri da cunkoson gine-ginen lungu suna tare shi, sau da yawa taku biyu zuwa bakin taga yana sauya labari.

Ɗan haya kada ya huda bango ko ya ja waya sai da yardar mai gida, a gaban shaida in ya yiwu, a kuma yi magana tun farko kan abin da zai cire ya tafi da shi ranar tashi. Bangon tubali ma ko na gidanku ne ba ya riƙe kanta mai nauyi. Ƙusa takan sassauta ta zo da ƙasar. Kanta mai tsayuwa da ƙafafunta ta fi.

Tebur da kujera

Kafintocinmu da inci suke aiki, don haka ga awon da inci. Tsayin tebur daga ƙasa ya zama inci 29 zuwa 30, wato kimanin santimita 75. Samansa ƙafa uku da ƙafa biyu ya wadatar. Mazaunin kujera inci 17 zuwa 18. Waɗannan na matsakaicin mutum ne, don haka jikinka ne alƙali: ka zauna, tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, gwiwar hannunka ta yi daidai da saman teburin ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba, bayanka ya jingina. Idan kujera ta yi ƙasa, ɗora matashi. Idan ƙafa tana lilo, sa ƙaramar kujerar tsuguno ko bulo a ƙarƙashinta.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da aibi ɗaya da ba a cika faɗa ba: allonta da madannanta a haɗe suke, in hannu ya ji daɗi wuya ya sunkuya. Maganinsa mai sauƙi ne. A ɗora ta a kan manyan littattafai ko ɗan akwatin katako har saman allon ya yi daidai da ido, nisansa kamar miƙa hannu, sannan a sayi madannai da linzami na daban a jona. Kuɗinsu bai kai na zuwa asibiti saboda ciwon wuya ba. Kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko matashi, don ta ƙasa take shan iska. Audugar tana toshe kafofin.

Wanda ya saba aiki a ƙasa bisa tabarma ko darduma ba sai ya tilasta wa kansa kujera ba. Ya sa a yi masa gajeren tebur, ya jingina da bango da matashi a ƙugu, ya riƙa sauya zama. Abin gudu dai shi ne daɗewa a yanayi ɗaya. Likitocin ido suna ba da wata ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: bayan kowane minti 20 na kallon allo, ka dubi wani abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Lokutan salla ma suna tayar da mutum, sai dai daga hantsi zuwa azahar tazara ce mai tsawo, a riƙa miƙewa a tsakani.

A ra'ayina, a ƙaramin ɗaki teburin da kafintan unguwa ya yi da awonka ya fi na kanti. Mai ciki ɗaya zai iya sa a yi masa mai naɗewa, a jingine shi bayan an tashi. A zaɓi katako busasshe, irin wanda ake samu a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, ko filawud mai kauri. Allunan nan masu sheƙi da ake yi da matsattsen garin katako suna da kyau a ido, amma da zarar ƙafarsu ta sha ruwan shara ko damshin damina sai su kumbura su ruɓe.

Haske, iska da ƙura

Taga ta zama a gefenka. In tana bayanka haskenta zai faɗa kan allo, in tana gabanka zai dallare maka ido. Mai rubutu da dama haske ya zo masa ta hagu, don kada inuwar hannu ta rufe takarda. Tsofaffin ɗakunan cikin birni ƙananan tagogi gare su, saboda haka a shafa wa bangon kusurwar farin fenti ko farar ƙasa, a kuma sa ƙwan fitila mai farin haske kusa da tebur maimakon dogaro da guda ɗaya da ke tsakiyar rufi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. A ɗinka wa kwamfuta da na'urar buga takardu da keken ɗinki riguna na yadi mai kauri, a rufe su da zarar sun huce. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya, wadda ke tayar da ƙurar ta sake sauka kan kaya. Na'urar buga takardu mai tawadar ruwa tana bushewa da hunturu. A buga ko da shafi ɗaya ne duk mako.

Lissafin wuta

A nan ne yawancin kuɗi ke salwanta, don haka a nan za mu daɗe.

Har yau muna cewa NEPA, alhali tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka ware wa aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Kafin nan, a ranar 29 ga Mayun 2023, an janye tallafin man fetur, kunna inji ya zama sai an yi shawara da aljihu. Wannan ne ya sa farantan sola suka yawaita a saman gidaje. Sai dai da yawa suna saye da ka, su dawo suna cewa an cuce su, alhali lissafin ne ba a yi ba.

Kowace na'ura tana ɗauke da lambar wat a jikinta ko a jikin cajarta. Ka ninka wat ɗin da yawan awannin da take aiki, sai ka sami abin da take ci a rana. Ga misalin mai ƙaramin aikin rubutu:

Kwamfuta mai wat 50, awa 6: 300.
Fankar caji mai wat 20, awa 8: 160.
Ƙwan fitila biyu masu wat 7, awa 5: 70.
Na'urar intanet mai wat 5, awa 8: 40.
Cajin waya biyu: kimanin 30.
Jimla: 600.

Yunit ɗaya na mita 1,000 ne a wannan ma'auni. Ke nan duk aikin wannan mutum na yini bai kai yunit guda ba. Ku kwatanta da dutsen guga mai wat 1,000 ko fiye, wanda a awa ɗaya tak zai cinye yunit guda ko fiye. Duk na'urar da aikinta zafafa abu ne, irin su dutsen guga da hitar ruwa da rishon lantarki, ba ta da wuri a kan ƙaramar sola. Na'urar buga takardu ta hoda ma tana cikinsu, don da zafi take manna rubutu, kuma takan ja ɗaruruwan wat lokacin bugawa. Mai ita ya tara aikinsa sai an kawo wuta.

Batir kamar randa yake: farantin sola ne ke zuba masa, kayan aiki suna ɗiba. Batir mai bolt 12 da lamba 100Ah, idan an ninka, yana ɗaukar 1,200. Amma irin na dalma, mai ruwa ko busasshe, ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake ɗiba, wato 600, in ba haka ba zai mutu da wuri. Inbata kuma tana cin nata kason wajen juya wutar, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Kun ga ke nan batir ɗaya ba zai riƙe mutumin misalinmu ba idan duk aikin da dare yake yi. Idan kuwa ya mayar da yawancin aikinsa rana, lokacin da farantin ke bayarwa kai tsaye, ya kuma sayi fanka da fitilu masu aiki da bolt 12 ba sai ta inbata ba, batirin zai ishe shi har da saura. Batirin litiyam ana iya ɗibar kashi 80 nasa ko fiye, kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada a tashin farko. Zafi yana rage kwanan batirin dalma ƙwarai: ƙa'idar masana ita ce duk ƙarin awo 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. A ajiye shi a wuri mafi sanyi, a kan katako, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da garwashin turare, domin mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji.

Saura farantin. A Kano ana lissafa kimanin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Ɗauki 5 don kariya. Faranti mai wat 200 sau 5 ya ba da 1,000. Cire rubu'i saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 750. Ya rufe 600 ɗinmu. A kafa shi yana kallon kudu da ɗan karkata kaɗan, tun da Kano tana kan daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, karkatar kuma tana taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. A cikin birni sai an dubi inuwar benen maƙwabta safe da yamma, don inuwa a kan gefe ɗaya ma tana rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. Da hunturu a riƙa goge shi da laushin tsumma duk bayan 'yan kwanaki. A saman soron ƙasa kada a huda rufi, kada kuma a tare hanyar indararo. A yi masa mazauni na ƙarfe a ɗaure. Wanda zai hau sama ya yi sallama ya sanar da maƙwabta, don daga can ana hango tsakar gidajen mutane.

Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba kada ya ci bashi. Fankar caji, fitilar caji da ƙaramin batirin cajin waya sun isa farawa, kwamfutar ma ai da nata batirin.

Kariya

Filogi mai baki uku da muke amfani da shi an yi shi ne don amfiya 13, kimanin wat 3,000, amma wayoyin jone-jone masu araha siririyar waya ce a cikinsu, ba sa ɗaukar ko kusa da haka. Araha ba ta ado. Ka taɓa wayar bayan rabin awa tana aiki. In ka ji ɗumi, ta yi ƙanƙanta. Kada a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, kada a bi da waya ƙarƙashin kafet ko katifa. In an ɗauke wuta, kashe soket. In an dawo da ita, jira 'yan mintoci kafin ka kunna, domin a wannan lokacin take zuwa da ƙarfin da ke ƙona caja. Da hadari mai tsawa, zare filogi gaba ɗaya. Haɗa sola ko inji da wayarin gida aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, da makunnin sauya layi, don kada wutarka ta koma kan falwaya ta kama mai aiki a can.

Inji kuwa ba a kunna shi a ɗaki, ko a zaure, ko a ƙarƙashin matattakalar bene, ko a bakin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, tana sa ciwon kai da barci, mutum ya wuce bai farka ba. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya a Nijeriya.

Kanawa ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta laƙume dubban shaguna, ga shi kuwa kasuwa ce da mota ke isa bakinta. Yawancin lungunan Mandawari, da zarar an bar Sabon Titi, motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga. Don haka kowa a gidan, har manyan yara, ya san inda babban makunnin wuta yake. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. Ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa sai an katse wutar. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Takardu da mutane

Takarda ba ta zama a ƙasa ko a jikin bango. A sa ta a akwatin ƙarfe ko robar da ke rufuwa ruf, a ɗora a kan kanta, a riƙa ja da kantar ana duba bayanta ko gara ta fara gini. Muhimman takardu a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a wuri na biyu wanda ba wayar hannunka ba. Wanda yake riƙe bayanan mutane, kamar lambar NIN ko BVN ko hotunan fasfo, amana ce a hannunsa, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a. Durowa mai makulli da lambar sirri a kwamfuta wajibi ne, ko da yaranka ne kaɗai ke shiga ɗakin.

Zaure yana da wata hikima da ɗakin haya ba shi da ita: baƙo yana tsayawa a can, bai ga cikin gida ba. Labule mai kauri daga bango zuwa bango zai iya maye wani ɓangare na wannan, ya raba wurin aiki da gado, ya kuma zama bayan hoto mai tsabta ga mai tallan kaya ko mai ganawa ta bidiyo. Masu karɓar kaya a ba su lokaci tsayayye, a sallame su a ƙofar gida. 'Yan uwa da abokai kuwa, waɗanda suke ganin duk wanda ke gida zaune kawai yake, ba a korarsu, a gaishe su da sakin fuska, a ce, "Yaya, ina kan aikin mutane ne, bayan la'asar zan same ka." In an yi haka sau biyu sau uku za su gane lokacin.

Idan an zo saye, a bi wannan jerin gwargwadon ƙarfi: gyaran zama da haske, sai soket da waya masu kyau, sai fanka, sai batir da sola. Kayan wuta akwai su a titin Faransa da ke Sabon Gari, kayan waya da kwamfuta a titin Beirut da kasuwar Farm Centre. A tafi da wanda ya san kayan, a gwada a gaban mai shago, a karɓi rasiɗi mai ɗauke da kwanan wata da tsawon garanti.

Aikin gida

1. Auna ɗakinka ka zana shi, ka nuna gurbin da ka zaɓa, ka rubuta dalilai biyu na zaɓen.
2. Rubuta kayan wutar da kake aiki da su, da wat ɗin kowanne, da awanninsa, ka fitar da jimlar yini.
3. Wata mai ɗinki tana da injin keke mai wat 100 da take kunnawa awa 4, da fanka mai wat 20 awa 6, da ƙwan fitila mai wat 10 awa 5. Nawa take ci a rana? Batirin dalma mai bolt 12 da 100Ah zai ishe ta idan an cire kashi 15 na inbata? In bai isa ba, me za ta sauya ba tare da ta sayi batir na biyu ba?
4. Ku rabu uku-uku, kowane rukuni ya tambayo farashin batir da faranti iri ɗaya a shaguna uku, ku kawo a darasi na gaba mu kwatanta.